Rabin Minti Kawai Muke Roƙo a Ƙofar Makaranta

Jawabin da shugaban matasa ya gabatar a taron matasan Anka, Gummi da Bukkuyum



Iyayenmu dattawa, malamanmu, shugabanninmu na mazaɓu, iyayenmu mata, da 'yan'uwana matasa da kuka taso daga Anka, Gummi da Bukkuyum, Allah ya saka muku da alheri. Na san wasunku tun da sassafe suka baro gida, kuma kowa na son ya kama hanya kafin la'asar ta yi sanyi saboda halin da hanyoyinmu ke ciki. Don haka ba zan ja ku da nisa ba.

Yau ba maganar takara ta kawo ni ba. Maganar gudun mota da babur ce a ƙofar makarantun ɗiyanmu. Kuma da laifin kaina zan fara, don kada wani ya ce na zo nuna yatsa.

A lokacin kamfen ɗin 2023, ni ne a gaban ayarin babura. Mun fi hamsin, kowa da tuta, ana ta hon, ana murɗa totur. Muka shigo wani gari daidai lokacin da yaran islamiyya ke tashi. Wata yarinya da ba za ta wuce shekara bakwai ba ta fito daga bayan wata mota da ke tsaye, jakarta a rataye. Ni na kauce mata da ƙyar. Wanda ke bayana bai samu ya kauce ba. Allah ya sa da sauran kwananta, amma ƙafarta ta karye. Da muka je gidansu da dare, mahaifinta ya dube mu ya ce: "Ƙaddara ta, mun yafe, Allah shi kiyaye gaba." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Har yau idan na bi ta garin nan nakan ga yarinyar, tana ɗan ɗingishi. Mun yi taronmu mun watse, ita kuma da ƙafar nan za ta rayu.

Tun daga ranar na fara bin diddigin maganar nan. Ni ba injiniya ba ne. Difloma gare ni, kuma da kuɗin kabu-kabu na yi ta, don haka na san titi ta bangaren mai tuƙi. Abin da na gano shi zan faɗa muku.

Ku dubi titin da ya taso daga Mayanci, ya ratsa Anka, ya bi ta Ɗaki Takwas zuwa Gummi. Titin matafiya ne, amma idan ya shigo gari sai ya koma titin unguwa. A bakinsa kasuwa take, a bakinsa masallaci yake, a bakinsa makarantu da yawa suke. Haka abin yake a Nasarawar Burkullu da sauran manyan garuruwanmu. Kuma yanzu yaran da ke bakin titin sun ƙaru, domin rashin tsaro ya koro iyalai da dama daga ƙauyuka zuwa cikin gari. Yaron da ya tashi a ƙauyen da mota ba ta shiga sai ranar kasuwa, yau shi ne ke tsallaka kwalta sau huɗu a rana: boko da safe, dawowa da rana, islamiyya da yamma, dawowa da magariba.

Dokar hanya ta Najeriya ta ce ƙaramar mota kada ta wuce kilomita 50 a awa a cikin gari. Ku da kanku kun san direba nawa ne ke kallon maleji idan ya shigo gari. To ni yau ina cewa ko 50 ɗin ma ta yi yawa a ƙofar makaranta. Abin da ya dace shi ne 30. Ga dalili, kuma lissafi ne da kowa zai iya yi a gida.

Motar da ke tafiya a kan 30 tana cin wajen mita 8 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da idon direba ya ga yaro zuwa lokacin da ƙafarsa ta taka birki, aƙalla daƙiƙa ɗaya ta wuce. Ke nan mita 8 ta tafi. Birkin kansa zai ci kamar mita 5. Jimla mita 13, mota ta tsaya cak.

A kan 50, kafin direba ya taɓa birki mota ta riga ta ci mita 14. Ku lura da wannan da kyau. A daidai inda mai tafiya a kan 30 ya riga ya tsaya, mai tafiya a kan 50 ko birki bai fara takawa ba. Da cikakken gudunsa zai daki yaron. Kafin ya tsaya sai ya ci wajen mita 28. Mai 80 kuwa sai ya kusa mita 60. Kuma wannan lissafin mota mai lafiyayyen birki ne da sabuwar taya a kan busasshiyar kwalta. Ku kawo tamu motar mai tayar gwanjo, an yi mata lodi har sama, ga yashi a kan titi, sai ku ƙara.

Dalilin wannan bambanci shi ne, idan ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata da ƙarfin dukan suna ninkuwa sau huɗu. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa mai tafiya a ƙasa da mota ta buge a kan 30, a cikin mutum goma kusan tara na rayuwa, amma da gudun ya haura 45 sai damar tsira ta faɗo ƙasa da rabi. Hukumar ta ce haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a duniya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. A nan gida, hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta ƙirga mutum 5,421 da suka mutu a kan titi a 2024, kuma gudun wuce kima ne take sakawa a sahun farko na dalilai. Wannan adadin waɗanda labarinsu ya kai ofis ne. Yaron da aka kai wa mai ɗori, ko aka yi wa sutura kafin azahar, sau da yawa ba ya shiga takardar kowa.

Akwai kuma yanayin yaro kansa. Ƙaramin yaro ba ya iya auna gudun motar da ke tahowa kamar yadda babba ke yi. Gajere ne, motar da ke tsaye tana ɓoye shi. Idan ya ga abokinsa ya tsallaka, shi ma sai ya ruga. Ko ka yi masa faɗa sau ɗari, yaro yaro ne. Babban da ke riƙe da sitiyari shi ne zai iya canzawa.

To me direba zai yi asara? Mu ce an ware mita 500 a gaban makaranta. A kan 60, daƙiƙa 30 za ka yi ka wuce. A kan 30, minti ɗaya. Bambancin rabin minti ne. Ko makarantu goma ka ratsa daga Anka zuwa Gummi, minti biyar ka ƙara. Mun fi haka daɗewa a tasha ana jiran fasinja ɗaya ya cika mota.

Wannan lamba ta 30 ba ni na ƙirƙiro ta ba. A watan Fabrairun 2020 ministocin ƙasashen duniya sun taru a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, suka amince cewa inda mutane da motoci ke cakuɗuwa, 30 ce ta dace. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta sa burin rage mace-macen hanya da rabi tsakanin 2021 da 2030, kuma Najeriya na cikin majalisar.

Na san abin da direbobinmu za su ce, kuma dole mu saurare su. Za su ce: "Kai yaro, ka san abin da ke kora mu?" Na sani. Direban da ke ƙure maleji tsakanin wannan gari da wancan, sau da yawa tsoron 'yan bindiga ne, yana so ya fita daji kafin duhu. Ga kuɗin balas na jiransa, ga tsadar mai tun da aka cire tallafi a 2023. Shi ya sa nake faɗa da babbar murya: kada wanda ya je ya kafa tudun rage gudu a tsakiyar daji, inda zai zama tarkon da ɓarayi za su tsare mutane. Maganarmu ta cikin gari ce, a ƙofar makaranta, inda jama'a suke. Idan ka shigo gari ka riga ka tsira. Kada tsoron da ka kwaso daga daji ka zo ka sauke shi a kan ɗan wani.

Wasu kuma za su ce ƙaddara ce, wanda kwanansa ya ƙare babu makawa. Mun yi imani da ƙaddara. Amma malamanmu da ke zaune a nan sun karantar da mu cewa ana ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, kuma kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin imani. Shari'ar da jihar nan ta fara aiki da ita a shekarar 2000 ba ta ɗauki kisan kuskure abin wasa ba: akwai diyya, akwai kaffara. Yafiyar da iyaye ke yi karamci ne daga gare su, ba lasisin ganganci ba ne gare mu.

Mu mutanen yankin nan mun taɓa ganin irin wannan darasi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum: Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, 'Yargalma, Tungar Guru, daga baya aka gano girman abin a Bagega. Da farko an ce ciwo ne daga Allah, wasu suka ce iska ce. Da likitocin MSF da sauran masana suka auna, sai aka ga ƙurar dutsen zinare da ake daka da niƙa a cikin gida ce ke shiga jikin yara. Aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa, aka ba yara magani, aka ce a fitar da aikin dutse daga inda yara ke wasa. Mutuwar ta ragu ƙwarai. Ba a ce uba ya daina neman abinci ba, an ce ya raba sana'arsa da wurin yara. Abin da muke cewa direba ke nan yau.

Yanzu mu zo kan kyamara, domin tun da aka fara jin labarinta matasa ke tambayata ko ita ce mafita.

Yadda take aiki shi ne: akwai na'urar da ke auna gudun mota, idan ta wuce ƙa'ida sai kyamara ta ɗauki hoton lambarta, kwamfuta ta nemo sunan mai motar a rajista, a tura masa saƙon tara a waya. A farkon 2025 gwamnatin Legas ta sanar da kafa irinta a wasu titunanta, ta ce tarar wuce ƙa'idar gudu naira 50,000 ce. A birnin New York na Amurka, a kewayen makarantu aka kafa su, tarar dala 50 ce, kuma tun watan Agustan 2022 dare da rana suke aiki. Hukumar sufurin birnin ta ce gudun wuce kima ya ragu da sama da kashi 70 cikin 100 a wuraren da aka sa su. Ke nan tana aiki. Kuma tana da wata fa'ida da ni kaina take burge ni: kyamara ba ta karɓar na goro, ba ta san "ka san ko ni wane ne" ba.

Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kyamara na buƙatar abu huɗu: wuta, sabis, lamba a jikin abin hawa, da rajista mai gaskiya. Wuta a iya cewa a sa sola. Sabis kuwa, ba mu manta watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin Zamfara. Lamba fa? Ku fita waje yanzu ku ƙirga baburan da muka zo da su, nawa ne ke da lamba? Rajista kuma, mota takan bi hannu huɗu ko biyar ba a canza sunan mai ita ba. Sai a yi laifi a Gummi, tara ta je ta samu wani bawan Allah a Kano da ya sayar da motar shekara biyar da suka wuce.

Sannan akwai maganar yarda. A Ruwanda, da ƙorafin direbobi ya yi yawa kan tarar kyamara a 2021, sai da Shugaba Paul Kagame da kansa ya sa baki ya ce a sake duba ƙa'idar gudun. A lardin Ontariyo na Kanada, gwamnati ta soke kyamarorin gudu na birane a watan Nuwamban 2025, tana cewa sun zama hanyar tatsar kuɗi. Darasin a fili yake: ranar da jama'a suka ɗauka kyamara ta zo neman kuɗin shiga ne, ranar ta mutu, ko da tana ceton rai. Talakanmu da ke biyan kuɗi a shinge bayan shinge ba zai yi maraba da sabon mai karɓa ba.

Don haka matsayina shi ne: a fara da abin da ke hannunmu, kyamara ta biyo baya da sharuɗɗa. Akwai misali a nahiyarmu. A Darussalam ta Tanzaniya, wata ƙungiya mai suna Amend ta bi makarantun firamare tana sa tudun rage gudu, alamomi, zanen tsallaka titi da hanyar masu ƙafa, tana kuma koya wa yara. Binciken da aka yi ya nuna raunukan yara a makarantun sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Siminti ne da fenti da kulawa.

Ga abin da nake so mu tashi da shi daga taron nan.

Na ɗaya, matasan kowace mazaɓa su zagaya su rubuto duk makarantar da ƙofarta ke kallon babban titi: firamare, sakandare, islamiyya da makarantar allo. A rubuta yawan yara, lokacin shiga da tashi, da haɗarin da aka taɓa yi a wurin. Mako biyu ya isa. Idan za mu je gaban shugaba, mu je da takarda a hannu.

Na biyu, mu kai takardar ga shugabannin ƙananan hukumomin uku da kansiloli, da 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya, da FRSC da ZAROTA. Abin da muke nema: allon da ya nuna 30, zanen tsallakawa, da tudun rage gudu da injiniya ya auna, mai faɗi, mai fenti, wanda ake hangowa daga nesa. Ba irin wanda unguwa ke tashi cikin fushi ta gina da dare bayan an kaɗe yaro ba, wanda ke fasa ƙasan mota ya kayar da mai babur. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne. Wannan aiki bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Gwamnatin jiha kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Nuwamban 2023. Idan muna roƙon uwa ta tura ɗanta makaranta, to mu tabbatar mata zai dawo.

Na uku, inda zai yiwu, a mayar da ƙofar makaranta ta kalli lungu maimakon kwalta, a kuma hana ajiye motoci da kasa kaya a daidai bakin ƙofa, domin su ke ɓoye yaro daga idon direba.

Na huɗu, mu da kanmu mu ba da 'yan sa-kai biyu a kowace makaranta, su tsaya da tuta safe da lokacin tashi su tsallakar da yara, tare da sanin hedimasta da kwamitin iyaye. Kuma ina roƙo, kada a sa rigar jam'iyya a wannan aiki. Ɗan abokin hamayya ma ɗanmu ne.

Na biyar, mu zauna da shugabannin NURTW da na 'yan kabu-kabu da masu tifa, cikin girmamawa. Su ma iyaye ne. Abin da shugaban tasha ya faɗa wa direbansa ya fi allo goma tasiri. Mu roƙi iyayenmu sarakuna da limamai su sa albarka, a faɗe shi a huɗuba.

Na shida, duk ranar da gwamnati ta ce za ta kawo kyamara, ga sharuɗɗanmu. A sa allo tun daga nesa da ke sanar da cewa tana nan. A fara da watannin gargaɗi kafin tara. Tara ta yi daidai da ƙarfin mutanenmu, ba a kwafo ta Legas ba. A biya a asusun gwamnati da rasit, ba a hannu ba. A bayyana abin da aka tara, a kashe shi a kan titin makarantu. Wanda aka zalunta ya samu inda zai kai kuka. Kuma banda motar asibiti da jami'an tsaro da ke kan aikin gaggawa na gaskiya, kada a ware kowa. Idan kyamara za ta kama mai Golf ta bar mai jiniya, to a bar ta a cikin kwalinta.

Na bakwai, kuma shi ne ya fi nauyi, mu. Ayarin 'yan siyasa da na rakiyar amarya suna cikin masu gudun da ya fi muni a garuruwanmu, kuma mu ne a ciki. Daga yau, duk ayarin da ni nake jagoranta, idan ya zo ƙofar makaranta zai sauko zuwa 30, babu wasan babur, babu ɗaga taya. Wanda ya ƙi, a karɓe tutar da ke hannunsa. Ina kuma roƙon iyayen gidanmu da muke rakiya, da dukkan ladabi, su ja kunnen direbobinsu. Ba ya yiwuwa mu zo neman ƙuri'ar mutum da rana, mu bar shi da jinyar ɗiyarsa da dare.

'Yan'uwa, matsalar tsaro ta fi ƙarfin ni da kai, sai addu'a da matsa wa hukuma. Amma wannan tana ƙarƙashin ƙafar damanmu da hannun da ke kan totur. Yau da za ku koma gida, duk makarantar da kuka zo wucewa, ku sassauta, ku ƙirga da bakinku ku ga ko ya wuce rabin minti.

Allah ya ba yarinyar nan lafiya mai ɗorewa, ya yafe mana gangancinmu. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa a kan hanya, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.